Wa Ke Shan Kuran a Gidanmu?

Ko da tsufa zai zo ya share mini tunani kaf, ina kyautata zaton makon da na bi kayan wutar gidanmu ɗaya bayan ɗaya ina aunawa shi ne zai yi saura. Shekaru sun ɗan ja, yaran da ake goyo a lokacin yanzu da ƙafarsu suke zuwa lakwal, wato makarantar boko, amma har gobe idan na tuna sai in fara da dariya, daga baya kunya ta biyo.

Gidanmu a unguwar Zariya yake, cikin Maraɗi. Gidan gado ne mai faɗin tsakar gida. Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana ɗakin gabas, ni da maigida da yaranmu muna sashen yamma. Kontar ɗaya, wato mita, ke ba mu wuta duka, irin wanda ake sayen kuran, wato wutar lantarkin, tun kafin a sha, a danna masa lambobi, idan ya kusa ƙarewa ya yi ta kuka tit-tit har ya ishi kowa. Maigida ke saye, don shi ne namijin gidan, kuma harkarsa ta wake da gero a kasuwa ba ta da laifi. Mun daɗe muna zaune lafiya da kontar ɗin nan.

Sai Yaya ta dawo gida. Yayar maigidana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu a Tsibiri, da ta fita takaba ta tattaro ƴaƴanta uku da kayanta ta tare a ɗakin da ke kusa da na Hajiya. Cikin kayan akwai firiza, fara, doguwa, mai murfi a sama. Da ita take sana'a. Ta ɗura ruwa a leda ta yi ƙanƙara, ta dama zoɓo da lamurje ta jera, masu shago su zo da kula su ɗauka, ƴan kabu-kabu su tsaya a ƙofar gida su kora. Abincin ƴaƴanta da sabulunsu da littafin lakwal ɗinsu duk daga cikin farin akwatin nan suke fitowa. Ba ta taɓa miƙa wa ƙaninta hannu ba, kuma duk mako takan ba Hajiya wani abu ta ce a ƙara a na kuran.

Ba a yi wata guda da zuwanta ba, kontar ya canza hali. Wutar da muke saye ta kai mu kusan wata, sai ta koma ƙarewa a mako biyu. Wata rana maigida ya dawo kasuwa a gajiye ya tarar da kontar yana kukansa, ya tsaya a tsakar gida yana faɗa da iska: "Wai mi ke shan kuran cikin gidan ga?"

Ni kuwa bakina ba ya jiran a tambaye shi sau biyu. Daga bakin murhu na ce, "Kai ma ka sani. Abin da ke kwana gurnani ya wuni gurnani ai ba iska yake sha ba."

A hankali na faɗa, amma tsakar gida ba ta da sirri. Yaya na can gindin rumfa tana ƙulla leda, ba ta ɗago kai ba. Daga ranar maganar ta zama ta kowa. Maigida ya kai wa Hajiya ƙorafi, Hajiya ta yi ta kashe wannan tana kashe wancan, ni kuma duk wadda ta shigo ta tambayi zafi sai in ce ai mu fanka ma da awo muke kunnawa, tun da muka yi baƙuwa mai ƙishirwa. A lokacin gani nake wasa nake yi. Yanzu da na waiwaya, na san ba wasa ba ne, tsokana ce mai dafi.

Wata Asabar da safe Yaya ta shiga ɗakin Hajiya, ta fito ta same mu ni da maigida muna karyawa. Ta gaishe mu, sannan ta ce ta yi magana da wani mai shago a Tsibiri, tsohon abokin mijinta, zai sayi firizar. Ranar Juma'a bayan masallaci zai zo da mota ya ɗauka. Maigida ya ce, "Yaya, ba haka anka ce ba." Ta ce, "Ba a ce ba, ni na ce. Zaman lahiya ya hi mani." Ya sunkuyar da kai, kuma na lura bai hana ba. Saura kwana goma a ga watan azumi, lokacin da ƙanƙara take tsada fiye da kowane lokaci a shekara.

Washegari na tafi suna Jiratawa, gidan kawuna. Can na haɗu da ɗansa, taubashina, wanda ya girme ni da shekara biyar amma bai taɓa barin na sha ruwa lafiya ba. Aikinsa gyaran injinan ban-ruwa na lambunan garin, da sauran kayan wuta. Ina zaune a ɗakin matarsa ya shigo zai duba fankarsu da ke ciwon kai, ya zaro wani abu daga jakarsa. Girmansa bai fi sandar sabulu rabi ba. A bayansa akwai ƙafafu biyu da ake cusawa a piris, wato soket ɗin bango, a gabansa baki da ake jona kaya, sama da bakin kuma ɗan gilashi. Yana jona fanka sai lambobi suka bayyana suna motsi.

Ni dai tun ina yarinya haka Allah ya yi ni, ba na ganin abu in bar shi. Na bar tuwon suna na matso. "Mi ne ne wanga?"

"Ba na mata ba ne," in ji shi. "Kauce, kar ki yi mashi abin da kinka yi ma rediyon Baba."

Rediyon nan ina da shekara tara na buɗe masa ciki ina neman mutanen da ke magana, shi ya sa har yau ba su bar ni ba. Na ce ya faɗa mini ko in tona wa matarsa asirin yadda ya gudu daga kaciya. Ya yi dariya ya ce ma'aunin wuta ne, duk abin da aka jona masa yana nuna yawan kuran da yake sha. Murna ta kama ni. Na riƙe abin da hannu biyu na ce aro nake so, mako ɗaya. Zan faɗi gaskiya: rabin zuciyata son sani ne tsagwaronsa, ɗaya rabin kuma shaida nake nema. Na fara jin ƙishin-ƙishin a unguwa cewa matar ƙani ta kori sana'ar mai takaba, ina son in sami lamba in nuna wa duk mai magana. Ya ba ni da kyar, bayan na rantse ba zan kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Ranar Litinin ko shara ban gama ba na fara. Cajar waya na soma jonawa, gilashi ya nuna biyar. Na jona fanka, ta nuna sittin da wani abu, da na rage mata gudu lambar ta sauka, na ƙara ta hau. Na fi minti goma ina murɗa fanka ina kallo kamar yarinya ta sami sabon abin wasa. Daga nan na wuce kan tele, wato talabijin. Ita dai a gidanmu an yi ittifaƙi mashayiya ce, saboda ƙararta da haskenta, har maigida ya kafa doka ba a kunna ta sai bayan isha'i. Ashe kaɗan ta fi fanka. Na ƙure mata murya, lambar ko gezau. Na tsaya riƙe da haɓa, don duk rayuwata na ɗauka abin da ya fi surutu shi ya fi ci.

Hajiya ta leƙo ta ga ina durƙushe a gindin bango, ta ce, "Ke kuma mi kike tono?" Na yi mata bayani. Ta juya abin a hannunta ta ce, "To, yau ga tiyar awon kuran. Zo ki auna mani rediyona." Ashe baiwar Allah mako uku ke nan ta daina sauraron tafsirin safe, wai tana taimaka wa ɗanta. Na jona, ya nuna uku. Na ce, "Hajiya, wanga ko wata ya yi kunne bai shan abin da fanka ke sha kwana biyu." Ta ce, "La'ilaha! Ashe horon banza na yi ma kaina." Nan take ta murɗa shi ta ƙure.

Da na zo kan butar wuta da muke dafa ruwan shayi, sai lambar ta yi tsalle ta haye dubu ɗaya da ɗari takwas. Na buga salati. Ƴar wannan buta, shiru-shiru, ko tari ba ta yi! Na ɗauko waya na kira taubashina ina haki, na ce na kama ɓarawo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kwashe da dariyar da ta ba ni haushi.

"Minti nawa take yi kunne?"

"Kamar biyar."

"To ke da an ce kin yi koleji. Lambar da kike gani loma ce. Wani babbar loma gare shi amma sau biyu yake kaiwa ya tashi, wani ƙanana yake yi amma wuni yake bakin akushi. Danna maɓalli na biyu, za ki ga inda yake tara kilo, irin wanda kontar ke ƙirgawa. Ki bar abu jone kwana ɗaya cur, sannan ki karanta. Ko an ɗauke kuran bai mantawa."

Na ce to Malam, na gode da karatu. Na kashe waya ina gunaguni, amma bayanin ya zauna mini daram.

Ranar Talata da hantsi na ɗauki ma'auni na nufi rumfar Yaya. Tun maganar nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na ce, "Yaya, in ba damuwa, ina son in jona wanga ga firizarki." Ta dube ni, ta dubi abin, ta ce, "Jona mana. Ai ta kusa tahiya."

Na jona, na jawo kujera ƴar tsugunne na zauna. Lambar ta tsaya wajen ɗari da hamsin, firiza na gurnaninta. Can sai na ji tsit. Na dubi gilashi, ya koma sifiri. Na zabura na ɗauka na lalata mata kaya, na ce, "Yaya, ta mutu!" Ta ce, "Hutawa take. In ta yi sanyi sai ta huta, in ta ji ɗumi ta tashi." Aka jima kuwa ta tashi da kanta. Ban taɓa sanin haka ba. Ni da na rantse dare da rana take aiki, ashe kunnena gurnanin kawai yake riƙewa, shirun ba ya lissafa shi.

Zaman da na yi a wurin ya sa na ga abin da ban taɓa kula da shi ba. Firizar a kan katako biyu take, ba ta taɓa ƙasa. Tsakaninta da bango akwai fiye da taƙi ɗaya. Rana ba ta isa wurin. Yaya ba ta buɗe ta sai sau biyu, bayan asuba da bayan la'asar, ta kwashe na sayarwa ta zuba a kula. Wani ɗan kabu-kabu ya zo da azahar yana magiya a buɗe a ba shi mai ƙarfi, ta ce sai dai ya ɗauki na kula ko ya jira la'asar. Kafin in tashi na je na duba kontar na rubuta abin da ya rage a cikinsa.

Ranar Laraba daidai hantsi na dawo na danna maɓalli na biyu. Kilo biyu da rabi. Na je wurin kontar, na ga gidan gaba ɗaya ya sha kusan goma sha ɗaya. Na zauna da ƴar takardata na haɗa fankoki da tele da ƙwayayen fitila da buta, na ɗora firiza a kai. Duk yadda na juya, fiye da kilo huɗu ba su da uba. Abin ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi. Na zagaya bayan gida ina duba ko wani maƙwabci ya ja mana waya, ban ga komai ba sai gidan rina. Na shiga zagayawa tsakar gida ina magana ni kaɗai.

Hajiya na kan tabarma tana jan carbi tana kallona. Ta ce, "Ke da kinka auna har rediyona, shin firigonki ba kuran yake sha ba?"

Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Firigon nan, wato firjina, na kayan ɗakina ne, da shi aka kawo ni, ƙarami ne idan aka jera shi da na Yaya, kuma ba abin da ke cikinsa sai gorar ruwa uku da ragowar miya. Ban da haka ma, ba yadda za a yi hannu ya kai piris ɗinsa. Dalili kuwa, na sa kafinta ya yi mini kabad babba, bango guda, mai gilasai, don jeren kwanukana da tangaran. Na ga irinsa a ɗakin wata amarya ƴar gidan masu kuɗi, na ce sai na yi. Na sa ya fitar wa firigon gurbi a tsakiya daidai jikinsa, katako a sama, katako a gefe da gefe, katako a baya, ko yatsa ba ya shiga. Na kawo leshi na lulluɓe ɗan abin da ya rage. Duk macen da ta shigo sai ta ce ɗaki ya yi ɗaki. Ina tsaye a gaban Hajiya na fara ƙirgen yaushe aka kafa kabad ɗin. Mako ɗaya kafin Yaya ta tare.

Na shiga na sauke kwanuka, na kama firigo na ja, ya ƙi motsi. Maigida na kasuwa. Ba yadda na iya, na leƙa na kira Yaya. Ta zo ba musu, ta ɗaure zane, ta kama gefe na kama gefe. Yana fitowa wani hucin zafi ya buso mana a fuska kamar an buɗe tanda. Katakon baya har ya canza launi. Yaya ta kai tafin hannu ta taɓa gefen firigon ta janye da sauri. Ta buɗe ƙofarsa, ta bi robar bakin da yatsa, ta rufe, ta sake buɗewa da ɗan yatsa ɗaya ba wani ƙarfi. Na jona ma'auni da doguwar waya yadda zai fito fili, muka mayar da firigon gurbinsa, don in auna shi a yadda yake zaune kullum. Ta wanke hannu ta koma kan ledarta.

Wunin ranar ban yi aikin kirki ba. In ɗora tukunya in dawo in leƙa, in yi wa yaro wanka in dawo in leƙa. Ɗari da casa'in. Jira nake ya yi tsit kamar na Yaya, ya huta ko na minti ɗaya. Bai huta ba. Shi ba ya gurnani, wani siririn zuuu yake yi wanda kunnena ya saba da shi har na daina ji. Ranar Alhamis da hantsi na danna maɓalli. Kilo huɗu da rabi. Gorar ruwa uku da ragowar miya sun kusa ninka abin da ke ciyar da marayu uku.

Ina tsugunne a wurin Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Ya gama? Nawa ya sha?" Ita ba ta yi lakwal ba, Hajiya ma haka. Duk gidan a lokacin ni kaɗai ce zan iya karanta gilashin nan. Na ji bakina ya ce, "Bai gama ba tukuna." Ta ce to, ta wuce. Ƙaryar nan ta fi komai ci mini rai a cikin labarin duka, kuma ban shirya ta ba, da kanta ta fito.

Da la'asar maigida ya dawo na ja shi ɗaki na nuna masa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna bakin gado ya cire hula. Ya daɗe yana shafa kai. Sannan ya rage murya ya ce, "Ki bar maganag ga nan. An riga an yi ciniki, mutum na zuwa gobe. In sun tahi sai in kira kafinta ya huda bayan, a sake roba. Wa zai sani? In kuwa anka ji, da wane ido za mu dubi Yaya? Ni ne hwa na kai ƙara wurin Hajiya."

Ba mugu ba ne, kunya ce ta kama shi, kuma na fahimce shi sarai don irinta ke cina. Har na ce to. Amma kaina da ba ya barin lissafi ya ci gaba da aiki ina tankaɗe. Idan firiza ta tafi gobe, jibi aka gyara firigo a ɓoye, kontar zai koma shan rabin abin da yake sha. Kowa zai ce ai ga shi nan, dama firizar ce. Hajiya za ta yarda, unguwa za ta yarda, har ita Yaya sai ta yarda cewa ita ta ɗora wa ƙaninta nauyi. Ni kuma in fito fes, a ce dama na faɗa. Da na kai nan a tunani sai na ji tuwon da nake shirin tuƙawa ya fita raina.

Ranar Juma'a tun da safe Yaya ta zare firizarta daga wuta. Ta kwashe sauran ƙanƙarar ta aika wa maƙwabta sadaka, ta wanke cikin da sabulu, ta bar murfin a buɗe ya sha iska. Ina daga ɗakina ina kallonta ta labule. Ta ɗauko tsumma tana goge jikin, har ƙafafun, a hankali, ba gaggawa. Babbar ƴarta ta tambaye ta da me za su yi sana'ar azumi, ta ce Allah na nan. Aka sauko masallaci, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, maigida ya shigo da mai shagon da wasu ƙarti biyu.

Ban san lokacin da na zare ma'aunin daga doguwar wayar ba. Na saka hijabi na tsallaka tsakar gida na shiga ɗakin Hajiya na durƙusa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi mata magana mai tsawo ido da ido ba. Na ce, "Hajiya, a tsai da su. Ba firizar Yaya ba ce. Firigona ne. Ita biyu da rabi take sha, nawa huɗu da rabi. Ni na toshe shi cikin katako bai samun iska. Tun jiya na sani, na ɓoye."

Hajiya ta ajiye carbi. Ta dube ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ta ɗaga murya ta kira ɗanta. Ya shigo ya gan ni a durƙushe da abin a hannu, ya gane. Ta ce, "Kai ma ka sani?" Ya ce, "Jiya ta nuna mani." Ta ce, "To tahi ka ba baƙonka haƙuri, ka biya mashi mota. Abin da ubanku ya bari bai yi ƙanƙantar da zai kasa ɗaukar akwati ɗaya ba." Ya fita sumui-sumui. Mai shagon mutumin kirki ne, ya ce shi dama don ya rufa wa iyalin abokinsa asiri ya yarda zai saya, ya sha ruwa ya tafi.

Na fito na sami Yaya a gindin rumfa, tsumma na hannunta. Na tsuguna na ce ta yafe mini, har da ƙaryar jiya. Hawaye na zuba mini, ita kuwa idonta a bushe. Ta ce, "Ai na sani. Tun ranar da munka jawo shi hannuna ya hwaɗa mani. Shekara nawa ina wagga sana'a."

Na ce, "To Yaya, mi ya hana ki hwaɗi? Da kin bari an ɗauke ta?"

Ta ninke tsumman ta ɗora kan murfi. "In ni na hwaɗi, cewa za a yi ina kare kayana, na dawo in haɗa ƙanena da matatai. Ke kina ɗakinki. Ni gidan ubana ne, amma yanzu baƙuwa nike cikinshi."

Na tashi na ɗauko bokiti na tara ruwa a famfo, na zauna kusa da ita na fara ɗura leda. Ban iya ƙullin ba, na farko ya kwance ya jiƙa mini zane. Ta karɓa ta nuna mini yadda ake murɗa bakin, muka yi ta yi har la'asar. Ba zan ce daga ranar komai ya koma daidai ba. An kai bayan sallah kafin ta sake shiga ɗakina ta zauna, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya a makon nan shi ne, na bi gida kaf ina neman mai laifi, har bayan katangar maƙwabta na leƙa, amma ɗakin da nake kwana a ciki sai da tsohuwa ta tuna mini da shi. Na kuma gane cewa sanin gaskiya ba shi ne mai wuya ba, ɗan abin da ake cusawa a bango ma ya iya wannan. Faɗarta lokacin da take kanka, a gaban wanda ka zalunta, shi ne aikin. Tun daga lokacin, idan na ji bakina yana ƙaiƙayin ɗora wa wani laifi, musamman wanda ba shi da bakin ramawa, nakan tsaya in fara duba nawa tukuna.